Wadda Ta Fi Gudu Ko Wadda Ta Fi Tashi? Sukuwar Manyan Jif 'Yan Ruwa Biyu

Mai karatu, bari in fara da neman afuwarka, domin yau zancen motocin da ni da kai da wuya mu taɓa mallaka zan yi. Amma kada ka yi saurin wuce shafin. Ko a-daidaita-sahu kake hawa, ai titi ɗaya kuke bi da masu su, kuma ranar da ƙafar direba ta zarce ba ya tambayar wa ke gabansa.

A azumin da ya wuce wani aminin mahaifina ya zo Umara daga Kano tare da ɗansa, saurayi ɗan jami'a. Da suka gama ibada sai suka sauka wurina a unguwar Safa, a nan Jidda, kwana biyu kafin jirginsu ya tashi. Daren farko, mun dawo daga asham muna shan shayi, sai yaron ya matso kusa da mahaifinsa da waya a hannu. Bidiyo ne na irin sukuwar nan da ake jera manyan motoci a titin filin jirgi, a ɗaga hannu, a sauke, kowa ya take totur har ƙasa. Alhaji ya kalla sau biyu, ya gyara zama, ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da kake zaune a garin motoci, wacce ta fi gudu a cikin waɗannan? In ta yi mini, ita zan saya."

Na ce, "Baba, wadda ta fi gudu kake nufi ko wadda ta fi tashi?"

Ya ce, "Da bambanci ne?"

To, wannan tambayar ce ta haifi rubutun nan. Kuma bai yi ƙarya ba da ya kira unguwarmu garin motoci. A kan titin Amir Majid, wanda mutanen Jidda suka fi sani da Sab'in, a nan Safa, babban ofishin kamfanin Abdul Latif Jameel yake, wanda ya fara dillancin Toyota a Saudiyya a 1955 da motoci huɗu kacal, yau kuma shi ke kawo Toyota da Lexus ƙasar. Ta gabas kuma babbar hanyar Haramain ce ta yi mana iyaka. Dare da rana kukan inji muke ji. Wanda ya zauna a nan ko bai so ba sai ya koyi zancen mota.

Mece ce 'yar ruwa biyu?

Motar da ake kira haibirid ni na fi son in ce mata 'yar ruwa biyu, domin uwa ɗaya uba daban: injin fetur a gefe guda, injin lantarki da batir a gefe guda, su haɗu su tura taya. Iri biyu ne manya. Akwai wadda ba a sa ta a caji, ita ke cika ɗan batirinta da kanta in tana tafiya ko ana taka burki. Akwai kuma wadda ake jona wa waya a bango kamar wayar hannu, batirinta babba ne, tana iya yin kilomita gommai ba ta taɓa fetur ba.

Da farko don tsimin mai aka yi ta. Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997 ba wanda ya saye ta don tsere. Amma injiniyoyi sun daɗe da sanin wani abu: injin lantarki ba ya jira. Da ka taɓa totur yake ba da duk ƙarfin murɗawarsa tun taya ba ta motsa ba. Injin fetur kuwa sai ya yi nishi ya hau, musamman mai turbo, wanda sai hayaƙi ya taru ya juya fankarsa kafin ƙarfin ya zo. Wannan ɗan jinkirin shi lantarki ke cikewa. Da kamfanonin manyan motoci suka ga dokokin hayaƙi na Turai sun matsa musu, sai suka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: a takarda motar ta rage hayaƙi, a talla kuma dawakai sun ƙaru.

A nan Saudiyya zancen tsimi ma ba ya sayar da irin wannan mota. Tun watan Yuli na 2021 gwamnati ta ɗaure farashin fetur, lita ɗaya ta mai lamba 91 riyal 2.18, ta mai lamba 95 riyal 2.33. Wanda zai iya sayen jif ta alfarma ba kuɗin mai ne ke hana shi barci ba. Saboda haka abin da mai talla zai riƙe shi da shi guda ne: tashi.

Ga lambobin

Ma'aunin da kowa ke kawowa shi ne lokacin da mota ke ɗauka daga tsaye cak zuwa gudun kilomita 100 a awa. Zan riƙa cewa sakan, ba daƙiƙa ba, don a bakin Larabawan da muke zaune da su daƙiƙa minti ce, kada wani ɗan Jidda ya karanta ya ce motar ta fi jaki nawa. Lambobin na kamfanonin ne da kansu, dawakan kuma a ƙidayar Turai.

Lamborghini Urus SE, wadda aka nuna a 2024, ita ce a gaba: filogi takwas, doki 800, sakan 3.4, ƙarshen gudunta kilomita 312. Sai Mercedes-AMG GLC 63 S E Performance, doki 680, sakan 3.5, ko da yake ita ƙarama ce a kan sauran, kuma injinta filogi huɗu ne mai lita biyu. Porsche Cayenne Turbo E-Hybrid ta 2023 tana da doki 739, sakan 3.7, ƙarshen gudu 295. BMW XM Label doki 748, sakan 3.8. Waɗannan huɗun su ne 'yan gaban sahu.

A tsakiya akwai BMW X5 xDrive50e, filogi shida, doki 489, sakan 4.8, da Range Rover P550e, doki 550, sakan 5.0. Duk waɗanda na lissafa zuwa nan ana jona su a caji.

A baya kuma sai 'yan gidan maƙwabtanmu na titin Sab'in, waɗanda ba a sa su a caji: Lexus RX 500h, doki 371, sakan 6.2, da babbar yayarta LX 700h da aka bayyana a ƙarshen 2024, mai filogi shida da turbo biyu, doki sama da 450, ita ma sama da sakan shida take ɗauka.

In tambayar Alhaji ita ce wacce ta fi tashi kuma ta fi gudu, an gama magana, Urus ce. Ɗan nasa ma abin da yake so in faɗa ke nan a tashi. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Inda lissafin dawakai ya ƙi fita

Mai karatu, ka lura da wannan, domin shi ne abin da masu talla ba sa so ka ajiye gefe da gefe.

Lamborghini ta taɓa fitar da wata Urus ɗin mai fetur zalla, Performante, doki 666. Tana kai 100 a sakan 3.3. 'Yar ruwa biyun ta fi ta da doki 134, amma ta fi ta nawa. Porsche tana da Cayenne Turbo GT mai fetur zalla, doki 659, sakan 3.3. 'Yar ruwa biyun ta fi ta da doki 80, amma tana bayanta da kusan rabin sakan. BMW ma haka: XM ta farko, mai doki 653, sakan 4.3 take yi, alhali X5 M Competition mai doki 625, wadda ba ta da babban batir, ba ta kai sakan huɗu ba. Sai da aka ƙara wa XM dawakai har 748 sannan ta kamo ta da ƙyar.

Gidaje uku, labari ɗaya. Me ya jawo? Nauyi. XM ta haura tan 2.7, ta ɗara X5 M da kimanin kilo 300. Ka ɗauka an loda maka buhun shinkafa shida masu kilo hamsin-hamsin a but, aka ce ba ka da ikon sauke su har ranar da za ka sayar da motar. Ƙarin dawakan da lantarki ya kawo, kaso mai yawa a cikinsu dakon batirin da ke ciyar da su suke yi. Sannan a farkon tashi ba ƙarfin inji ne kaɗai ke magana ba, akwai iyakar abin da taya huɗu za su iya riƙewa a kwalta. In ƙarfi ya wuce riƙon taya, kwamfutar motar ce za ta rage shi da kanta, ko kana da doki dubu.

Amma adalci shi ne in faɗi ɗaya gefen. In tafiya ta miƙa, gudu ya haura, iska ta zama babbar abokiyar gaba, a nan dawakai ke karɓar haƙƙinsu. Lamborghini ta ce Urus SE tana kai kilomita 200 a sakan 11.2, alhali Urus S mai fetur zalla sakan 12.5 take ɗauka. Wannan bambanci ne na gaske. Tambayar kawai ita ce, a wane titi za ka ga wannan amfanin ba tare da ka karya doka ko ka karya wuya ba?

Akwai kuma abin dariya kaɗan. Urus da Cayenne 'yan gida ɗaya ne, rukunin Volkswagen. Ƙashin bayansu ɗaya, injin filogi takwas mai lita huɗu asalinsa ɗaya, batirinsu ma girmansa ɗaya. In ka ga an jera su a bidiyo ana ihu kamar damben Kudu da Arewa, ka sani wa da ƙani ne ake haɗawa, kuma uban ne ya riga ya tsara wanda zai ɗara wani, gwargwadon kuɗin da ya sa wa kowanne.

Abin da bidiyon ba ya gaya maka

Ba na ƙin waɗannan bidiyoyi. Ni ma ina kallon na Carwow da Mat Watson ke gabatarwa a Ingila, kuma in an bi gaskiya suna ƙoƙari: bayan tseren mita 402, wato rubu'in mil, sukan sake wani daga cikin tafiya, su kuma gwada burki. Matsalar ita ce abin da ke iso wa wayoyinmu guntun farko ne, sakan goma sha biyar da aka yanko aka ɗora wa kiɗa. Gwajin burki ba ya samun masu turawa.

Ga abubuwa huɗu da guntun ba zai faɗa maka ba.

Na farko, lambar da ke takarda da dabara ake samunta. Sai an sa motar a yanayin tsere, direba ya danne burki da ƙafar hagu, ya take totur da ta dama har inji ya cika ya batse, sannan ya saki. Wa ke yin haka a danja? In ka taka totur kawai kamar yadda kowa ke yi, lambar takan ƙaru. Shi ya sa mujallar Car and Driver ta Amurka take da wani gwajin daban, daga gudun mil 5 zuwa 60, ba tare da wannan dabarar ba. Kuma a irin wannan gwajin ne 'yar ruwa biyu ta cancanci yabo, don lantarkinta ba ya jira.

Na biyu, ba kowa ke awo da mudu ɗaya ba. Amurkawa mil 60 suke aunawa, wato kilomita 96.6, ba 100 ba, kuma mujallunsu sukan fara ƙirga lokaci bayan motar ta riga ta gusa da ƙafa ɗaya, abin da ke cire kusan sulusin sakan. Saboda haka in wani ya kawo maka lamba daga Amurka, wani ya kawo daga Jamus, suka hau musu a kan tazarar 0.2, to musun banza suke yi.

Na uku, batir a cike ake gwajin. Motar da ake jonawa takan ɓoye ɗan abin da za ta taimaka wa inji ko da allo ya nuna batir ya ƙare, amma wannan ajiyar ba rijiya ba ce. Ka take sau ɗaya, sau biyu, sau uku a jere, ko ka daɗe kana hawan tudu da kaya, za ka ji ƙarfin ya ja baya. To mu dubi unguwarmu. Safa yawancinta benaye ne na haya, mota a bakin titi take kwana. A hawa na uku kake, ta ina za ka sauko da waya? An fara kafa wuraren caji, kamfanin EVIQ da aka kafa a 2023 ya ce yana son ya kai na'urar caji 5,000 a faɗin ƙasar nan da 2030, amma wanda ba shi da garejin kansa, gaskiyar magana buhunan shinkafar nan kawai zai riƙa yawo da su.

Na huɗu, zafi. Filin jirgin Ingila da sanyin safiya daban, Jidda a watan Yuli daban. Garin nan ya taɓa kai maki 52 a watan Yunin 2010, kuma ko a shekarar da aka samu sauƙi, haura 40 ga gumi ba labari ba ne. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun abin da yake so ya shaƙa. Batir kuma in ya ɗau zafi kwamfuta ke rage masa aiki don kada ya lalace. Ga na'urar sanyaya ɗaki tana ta jan nata kason. Lambar da aka rubuta a Jamus ba lalle ka same ta a Sab'in da azahar ba.

Mu sauko kan titinmu

Yanzu mu yi ɗan lissafi na 'yan firamare. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. In aka sauƙaƙa lissafin, mai sakan 3.4 tana kai wannan gudun a cikin mita 47, mai sakan 6.2 kuma a cikin mita 86. Duk abin da ake wa ihu ke nan, mita arba'in. A cikin gari kuwa yawancin tituna iyakar da aka rubuta a allo ba ta ma kai 100 ba. Wato kafin ka gama cewa bismilla ka riga ka shiga laifi.

Kuma a nan laifi ba ya ɓuya. Tun 2010 aka kafa kyamarorin Sahir, tarar wuce iyaka tana farawa daga riyal 150 ta haura har 2,000. Wasan ganganci da mota, wanda suke kira tafhit, tun gyaran dokar 2016 tararsa riyal 20,000 ce a karon farko, 40,000 a na biyu, 60,000 a na uku. Mafi girman gudun da aka halatta shi ne 140, a wasu manyan hanyoyi irin ta Makka zuwa Madina, tun watan Fabrairun 2018. Duk motocin da na lissafa, har da mafi nawarsu, suna kai 140 suna hamma. Daga 140 zuwa 312 ɗin Urus kuwa, kuɗi ne ka biya na ɗakin da ba za ka taɓa kwana a ciki ba. Mai son ya ga ƙarshen maleji, ga filin tsere can a bakin teku, Corniche, mai tsawon kilomita 6.174, inda aka fara tseren Formula 1 a Disambar 2021. Can ne muhallinsa, inda aka yi shinge, aka tanadi motar asibiti, kuma ba yaron da zai tsallaka sayen burodi.

Bari in ba ka labarin da ya sa abin ya dame ni. Ina da ɗan ƙanwar mahaifiyata, direban gida ne a wurin wasu Larabawa a arewacin Jidda. Shekara shida yana jan tsohuwar motarsu, ko sau ɗaya kyamara ba ta haska shi ba. Sai maigidan ya sauya mota, ya sayo 'yar ruwa biyu, babba, sabuwa dal. A wata na farko saƙon tara uku ya shigo. Maigida ya ce ai ba shi ya taka ba, aka cire a albashi. Ya zo wurina ran Juma'a ransa a ɓace, ya ce, "Wallahi Yaya ban san ina gudu ba. Tsohuwar in na kai tamanin kuka take yi, sitiyari na rawa. Wannan kuwa shiru, kamar kana zaune a falo. Kafin in duba allo na wuce." A watan nan abin da ya aika wa mahaifiyarsa a Katsina bai kai rabin wanda ya saba ba. Ka ga inda sakan uku da rabi ya ƙare: a tukunyar wata tsohuwa da ba ta taɓa jin sunan motar ba.

Motar ba ta yi laifi ba, shi ma ya yarda ƙafarsa ce. Amma maganarsa ta nuna wani abu da bidiyo ba ya nunawa. Da, kunne da jiki su ke gaya wa direba yana gudu. Yanzu an toshe ƙara, an lallashe girgiza, an ninka ƙarfi. Kuma shirun nan bai tsaya a cikin mota ba. A lungunan Safa, inda yara ke fitowa daga bakala a guje, tsofaffi na tafiya masallaci, tan biyu da rabi na iya zuwa bayanka a kan lantarki ba ka ji ba. Ba banza ba Tarayyar Turai ta wajabta wa irin waɗannan motoci na'urar da ke yin ƙara in suna tafiya a hankali.

Sannan ga burki. Ƙarfin da ke cikin mota mai gudu ba ya ƙaruwa daidai da gudun, ninkawa yake yi: a 140 ya kusa ninka na 100 sau biyu, kuma kowane kilo da aka ƙara sai burki da taya sun biya shi. Mota mai kyau a kwalta mai kyau tana buƙatar wajen mita 35 zuwa 40 ta tsaya daga 100, ban da mita 28 ɗin da ta riga ta ci a sakan ɗin da kake tunanin ɗaga ƙafa. Lantarki ya rage lokacin tashi ƙwarai, amma bai rage lokacin da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke ɗauka ta ga hatsari ba.

Duk wanda ya taɓa kallon jahi a Hawan Daushe ya san wannan. Mahaya su sako dawaki a guje zuwa gaban Sarki, ƙura ta tashi, amma inda ake sanin gwani shi ne inda ya ja linzami doki ya turje cak, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Sakin doki kowane yaro ya iya.

Hukuncina a kansu

Tunda sharhi na ce zan yi, ba zan ɓoye ra'ayina ba.

XM ce ta fi ba ni haushi. Ta fi kowa nauyi a 'yan gaban sahu, kuma duk dawakanta da ƙyar ta kamo 'yar'uwarta da ta fi ta araha. Mota ce da aka yi don a gan ka, ba don a wuce wani ba. GLC 63 kuwa aikin injiniya ne abin jinjina, a matso doki 680 daga filogi huɗu da ƙaramin batir, amma duk abin da aka matsa haka kulawa yake so, kuma ba kowane gari ke da mai kula da shi ba. Urus SE ta ci tseren, ba musu, sai dai abin da ta ci ɗin ba shi da wurin kashewa. A cikin huɗun Cayenne ce na fi ganin ta san abin da take yi, amma ita ma mai son tashi zalla 'yar'uwarta mai fetur ta fi ta.

X5 50e ita ce mai hankalin cikinsu. Sakan 4.8 ya wuce buƙatar kowane mai iyali, kuma in kana da gida mai gareji da soket za ka yi zirga-zirgar gari a kan lantarki, ka ajiye fetur don tafiyar Madina. Range Rover ma kusan haka, ta fi ta taushi, ta fi ta jiki. Amma sharaɗin nan na soket ba ƙarami ba ne.

Su kuwa Lexus biyun, a tsere su ne na ƙarshe, kuma ban ga alamar abin ya dame su ba. Abin da ya burge ni a LX 700h ba ya cikin kowane bidiyon sukuwa: kamfanin ya bar mata sitata da altaneta irin na motar fetur, don ko ɓangaren lantarki ya samu matsala a daji inji ya tashi a koma gida, sannan ya killace batirin yadda za ta ratsa ruwa mai zurfin santimita 70. Wanda ya ga yadda titunan Jidda suka koma kogi ranar 24 ga Nuwamban 2022, ko ya san Kano a watan Agusta, ya san wannan ya fi masa rabin sakan amfani.

In kuma dole sai an yi zancen tashi, ma'aunin da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne daga 80 zuwa 120, wato lokacin da za ka ɗauka ka wuce tirela ka koma hannunka. A nan ne sauri ke ceton rai, kuma a nan ne 'yar ruwa biyu, ko wacce iri, take da abin faɗa, don kana taɓawa take amsawa.

Washegari da za mu rabu na ce wa Alhaji, "Baba, motar nan Kano za ka kai ta. Tambaya uku zan yi maka. Da wace wuta za ka yi mata caji? In da janareto ne, to fetur ɗin da aka cire wa tallafi a watan Mayun 2023 shi za ka ƙona ta bayan gida. In ta nuna jar fitila a allo, wa zai buɗe ta, kuma a Ƙofar Ruwa akwai kayanta? Sannan wa zai riƙa jan ta in ba ka nan?"

A tambaya ta uku bai ce komai ba, ya juya ya dubi ɗansa. Yaron ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Iyakar gudu a manyan hanyoyin Najeriya kilomita 100 ce ga ƙananan motoci, kuma ni da kai mun san hanyar Kano zuwa Zariya ba titin filin jirgi ba ce: akwai rami, akwai shanu, akwai mai babur da zai fito ta inda ba ka zata ba. Mun kuma san gidaje nawa aka yi zaman makoki saboda an bar wa saurayi makullin motar da ta fi ƙarfin shekarunsa.

Alhaji ya ce, "To ɗana, na ji. Zan yi shawara." Na kai su filin jirgin Sarki Abdul'aziz a tsohuwar Camry ɗina, wadda ban taɓa auna sakan nawa take yi ba. A hanya wata baƙar jif ta wuce mu kamar an harba kibiya, yaron ya ɗago kai yana kallo. Da muka isa danja ta gaba sai ga ta a tsaye, muka jera da ita muna jiran kore.

Har yau bai gaya mini wadda ya saya ba, ni ma ban tambaya ba. Amma kai mai karatu, in an sake turo maka guntun bidiyon nan, ka nemi cikakkensa ka kalla har wurin gwajin burki. In kuma kana da ɗan'uwa direba a gidan da aka yi sabuwar mota, ka gaya masa ya riƙa duba allo, kada ya dogara da kunnensa.

Unguwar Safa, Jidda.